Ranar da Muka Kasa Ya Ladifu Kashi Tara

Dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Na san wannan lamba fiye da yadda na san wasu dangina. Na san abin da ke raba ta daidai da abin da ba ya raba ta, na san ragowarta in an kasa wa mutum takwas, na san ta in an kasa wa goma. Ba a aji na koye ta ba. A rumfar gidanmu na koye ta, a Gadarif ta ƙasar Sudan, cikin wuni guda, ranar da maciji ya sari Baba. Wata biyu ke nan.

Lokacin yankan riɗi ne. Baba yana aiki a wata babbar gona can bayan Doka, irin waɗanda muke kira mashru'u, inda mutum zai yi ta tafiya ya gaji bai ga iyaka ba. Da hantsi waya ta shigo. Wani abokin aikinsa ne, yana magana yana haki. Baba ya je ɗaga damin riɗi, ashe kububuwa na kwance a ƙarƙashi, ta sare shi a idon sawu. Sun ɗora shi a bayan tarakta za su fito da shi titi su nemi lori, don allurar dafin maciji sai an zo gari. Ga shi an yi ruwan ƙarshe kwana biyu kafin nan, baƙar lakar nan tamu ta jiƙe, wadda ke cire wa mutum takalmi ta riƙe abinta. Inna ta ce, "Yana magana? Ba ni shi in ji." Sai shabaka, wato layin waya, ta ɗauke. Muka kira, muka sake kira, shiru.

Kafin azahar maza sun tafi tasha tarar lorin da ba su san wanne ba ne. Mu kuma aka bar mu da Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce. Kakanmu malami ne, da ya rasu ya bar akwati cike da littattafai da carbi guda. Littattafan gara ta cinye, carbin Gwaggo ta ɗauke, tun daga ranar ta zama ita ce hukuma a kan duk abin da ya shafi Allah da Annabi a layinmu. Ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa kama ta babu amsa ba. Ta shigo, ko wace ƙafa ce ba ta tambaya ba, ta ce a shimfiɗa tabarmi a rumfa, a kira matan maƙwabta, za a ja Ya Ladifu.

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in abu ya tsananta akan taru a ambaci wannan suna na Allah wani adadi sananne. Malamai sun ce in aka lissafa haruffan sunan, ɗari da ashirin da tara suke bayarwa. To ita ɗari da ashirin da taran ake yi sau ɗari da ashirin da tara, shi ne lambar da na faɗa da farko. Mutum ɗaya sai ya kusa wuni a kanta, shi ya sa ake kasa wa jama'a.

Gwaggo ta zauna a tsakiya ta gyara mayafi ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Adadin nan makulli ne. In ya gaza da ɗaya, ƙofa ba za ta buɗe ba. In ya wuce da ɗaya, ya karye a ciki, kuma a kan mara lafiya yake karyewa. Sannan in an fara, babu mai buɗe baki da maganar duniya sai an shafa." Ta juyo kaina. "Ke, 'yar makaranta. Shekara nawa ubanki yana yankan riɗin mutane don ki koyi lissafi? To yau ga ranarsa. Kasa mana."

Ni a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na tsaya tunani. Na dai jawo wani tsohon littafina na aji uku, na buɗe bayansa, na ƙirga kawuna. Mu takwas ne, har da ni da Inna. Na raba, na sake rabawa don kada in yi kure.

Na ce, "Kowa dubu biyu da tamanin. Saura ɗaya."

"Saura me?"

"Ɗaya, Gwaggo."

"To ba damuwa, ni zan ja shi. Shi ne marfin."

Da a nan maganar ta tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma akwai Hajja, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta je Makka sau biyu kuma ba ta yarda ko jinjiri ya manta ba. Ta yi gyaran murya ta ce, "Haba Yaya. Ga matar liman zaune, sai a ce wata ce za ta rufe?"

Matar liman ta ce, "A'a, ni ba ruwana," da irin muryar da kowa ya gane ruwan nata ne.

Hajja ta ce, "Ko kuma a duba wanda ya taɓa ɗora hannunsa a ɗakin Allah. Ni dai ban ce ni ba."

Gwaggo ta ce, "Ya Hajja, wanda ke kan taraktar nan nono ɗaya muka sha da shi. Ba a jirgi muka haɗu ba."

"Au, gori za ki yi mini da tafiyar da Allah Ya kira ni?"

"Ya kira ki, kin je, kin dawo, halas, shi ke nan. Yanzu ƙanena ake magana."

Na ce a hankali, "To Inna ta ja mana." Ko ƙuda ne ya wuce sai ya fi samun mai kallonsa.

Ana cikin haka wasu mata biyu suka yi sallama, suka cire takalma suka zauna. Gwaggo ta ce madalla, yanzu mun zama goma, lamba mai kyau, sake kasawa. Na sake.

"Kowa dubu ɗaya da ɗari shida da sittin da huɗu." "Saura ɗaya."

Gwaggo ta tafa hannu. "Wallahi yarinyar nan da gangan take yi. Muna takwas saura ɗaya, mun zama goma saura ɗaya. Wace irin makaranta ce wannan?"

Hajja ta ce bari ta aika a kira surukanta uku, sai mu zama sha uku. Na raba a gefen takarda tun kafin ta rufe baki. Saura ɗaya. Ta ce to a ƙaro uku daga gidan mai shago, sha shida. Saura ɗaya. Wata ta ce to ashirin fa? Ban ma taɓa alƙalami ba na ce saura ɗaya, don a lokacin na gane abin da ke faruwa.

Malaminmu na lissafi ya taɓa rubuta shi a allo, na kwafa ina hamma, ina cewa a raina yaushe wannan zai yi wa mutum amfani. In ka ninka lamba da kanta ka cire ɗaya, abin da ya rage daidai yake da ta gabanta a ninka da ta bayanta. To tamu in an cire mata ɗayan nan, ɗari da ashirin da takwas ce sau ɗari da talatin. Ita ta farko biyu ce aka yi ta ruɓanyawa, ta biyun kuma akwai biyar da sha uku a cikinta. Wato duk adadin da mata za su iya taruwa a rumfa cikin sauƙi, biyu, huɗu, biyar, takwas, goma, sha uku, sha shida, ashirin, sai ya raba jikin lambar tas ya bar ɗayan nan yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar tabarma. Kamar dai wanda ya fitar da adadin ya san Gwaggo da Hajja, ya ce bari in bar musu abin yi.

Abin da ke raba ta ba saura kuwa kaɗan ne. Ɗari da ashirin da tara ba komai ba ce sai uku sau arba'in da uku. Don haka sai dai mu zama uku, ko tara, ko arba'in da uku, ko ɗari da ashirin da tara, daga nan kuma sai adadin da ya fi ƙarfin layinmu kaf. Uku za su kai la'asar suna ja. Arba'in da uku babu tabarmar da za ta ɗauke su.

Na duba agogon waya. Kusan minti arba'in da shimfiɗa tabarma, ba a ce Ya Ladifu ko sau ɗaya ba. Na tuno laka, na tuno tarakta tana tafiya kamar mai ciwon baya, na tuno dafin da ba ya jiran a sasanta. Ban san sanda murya ta fito mini ba.

"Tara! In mu tara ne babu saura. Kowa dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da tara, shi ke nan!"

Mata goma suna kallon juna. Ban taɓa ganin mutane sun manne wa tabarma haka ba. Waɗanda suka zo daga baya ma sai suka ƙara matsowa ciki. Wa zai tashi, gobe a ce an ja wa wane Ya Ladifu ya tashi, ita kuwa wance tana gida?

Na ce, "Ni zan fita."

Gwaggo ta ce, "Ki fita wa zai riƙe mana adadi? Zauna."

Sai idonta ya fara zagaye, ya wuce matar liman, ya tsallake Hajja, ya je ya sauka can bakin tabarma. Inna tana zaune ta riƙe waya da hannu biyu. Hawaye kawai ke bin fuskarta.

"Matar ƙanena," in ji Gwaggo, da murya mai taushi irin wadda take yi in za ta karɓe wa mutum abu, "ke kam yanzu ba ki cikin hayyacinki. Mai kuka ba ya riƙe ƙirge. Tashi ki haɗa wa mutane gahawar jabana, shi ma lada ne."

Hajja, wadda tun safe ba ta yarda da Gwaggo a kan komai ba, ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Wannan ita ce magana."

Inna ba ta kalli Gwaggo ba, ni ta kalla. Na san abin da take jira. Jira take in ce ai akwai wata dabara, ai lissafin zai iya zama wani abu dabam. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin littafi kamar akwai sauran abin karantawa. Ta tashi, ta ɗauki takalmanta, ta nufi madafa. Shekara ashirin da wani abu tana tare da mutumin nan, lissafina ya fitar da ita daga yi masa addu'a cikin daƙiƙa guda, kuma babu kure a lissafin.

Na ce wa kowa, "Zagayen carbi goma sha takwas, sannan ƙwaya arba'in da tara." Aka raba wa kowa ƙwallon dabino sha takwas, duk zagaye ɗaya ta ture ɗaya gefe. Waɗanda suka zo hannu wofi, su uku, na ɗauko musu carbunan Baba daga jikin ƙusa. Hajja ta ce ita ba ta buƙata, ta ɗaga yatsa ta nuna mana ɗan injin ƙirge da ta sayo a tafiya ta biyu, wanda ake dannawa lamba tana fitowa. Wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa: cikin wannan tsoro duka, sai da kaina ya lura cewa rabon kowa ma arba'in da uku ne sau arba'in da uku, har na ji wani ɗan daɗi. Ubana yana kan hanya tsakanin rai da mutuwa, ni ina sha'awar lamba.

Aka yi bisimilla aka fara. Gaskiya in an fara abin yana da daɗin ji. Muryoyi tara ƙasa-ƙasa, suna hawa suna sauka, sai ka ji kamar wani ya dafa maka ƙirji. Na ɗan samu numfashi. Sai dai ƙarar injin Hajja, ƙis-ƙis-ƙis, yatsa na gudu ya bar baki a baya. Ina zagaye na bakwai ta gama. Ta shafa gwiwa, ta jingina da ginshiƙin rumfa tana kallonmu kamar wadda ta riga kowa isa tasha. Na lissafa a zuci, ko tsuntsu ne ba zai furta sunan da wannan sauri ba. Amma inji ya nuna lamba, wa zai yi musu da inji? Na bar wannan tsakaninta da Wanda take kira.

A zagaye na sha uku ne idona ya faɗa kan carbin matar da ke kusa da ni. Kashi uku ne, kowane kashi da 'yar alama a tsakani. Talatin da uku, talatin da uku, talatin da uku. Casa'in da tara.

A gidanmu duk carbunan ɗari-ɗari ne, don Baba ɗan ɗariƙa ne, da su na tashi, ban taɓa kawo wa raina in tambayi kowa ba. Na ce musu zagaye sha takwas, alhali duk mai casa'in da tara tana zubar da ɗaya a kowane zagaye ba ta sani ba. Bakina yana ja, idona yana bin hannuwa. Ta kusa da ni, ɗaya. Matar liman, biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo a makare, uku. Na kai ga hannun Gwaggo, ga carbin kaka baƙi wuluk saboda tsufa, yana sheƙi. Kashi uku. Huɗu ke nan. Mai makulli da kanta, nata ne ya fara gaza haƙori.

Sha takwas sau huɗu, saba'in da biyu. Ba ɗaya za mu gaza ba, saba'in da biyu.

In na yi magana na karya doka, Gwaggo ta ce a sake daga farko, a sake raba carbi, a sake faɗa a kan wanda ya yi laifi, la'asar ta same mu. In na yi shiru ƙofa ba za ta buɗe ba, kuma ni na kulle ta. Ban ce na yarda da duk abin da Gwaggo ke faɗa ba. Ran da lafiya lau ake, ni ce mai yi mata dariya a bayan ɗaki. Amma ranar da naka ne a kan tarakta, ba ka da ƙarfin zuciyar da za ka gwada ko ƙarya take yi.

Sai na yanke shawara ni kaɗai. Na gama rabona, na sa hannu cikin mayafi, na ja saba'in da biyu a ɓoye, a hankali, ina ƙirga kowace ƙwaya sau biyu da babban yatsa. Da na kai ta ƙarshe na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce na gyara. Babu wanda ya sani, kuma na gyara.

Muryoyi suka fara raguwa, wannan ta gama, waccan ta gama. A cikin wannan sassaucin ne na ji wani sauti daga madafa. Ƙaramin turmin da ake daka bunni, 'ya'yan gahawa, a ciki, dum, dum, dum. Kuma kowane dum da abin da ke biye da shi. Ya Ladifu. Dum. Ya Ladifu. Dum.

Inna ce. Babu carbi, babu ƙwallon dabino, babu adadi. Tun yaushe? Tun da ta tashi, watakila tun da waya ta katse.

A kan mara lafiya yake karyewa. Wannan maganar kaɗai na ji a kaina. Na miƙe. Gwaggo ta zaro mini ido, amma dokarta ta ɗaure mata baki, ba ta gama ba. Na tsallake ƙafafu na shiga madafa.

Inna tana tsugune gaban murhu, waya a kan cinyarta, hayaƙi da hawaye sun haɗu sun rina mata ido. Na tsaya a kanta na ce, da bakin nan nawa, "Inna, ki yi shiru. Kina ɓata lissafin."

Da ta mare ni, da na ji daɗi. Da ta ce ke wace ce za ki hana ni kiran Ubangijina, da yanzu na manta da abin. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta saki taɓarya, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta kamar wadda aka kama tana sata.

Ta ce ta tsakanin yatsu, "Na shiga uku. Nawa na yi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ke da kika yi karatu. Ba za a iya cirewa ba? Ki cire nawa daga ciki, ki ce ba a sa da su ba."

Na iya ragi tun ina aji ɗaya. Na tsaya ina kallon uwata, ban san ta inda ake cire abin da ya riga ya fita daga baki ba. Na ce mata kawai ta yi shiru daga yanzu. Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka, leɓunanta a matse kamar an ɗinke.

Da na koma rumfa an shafa. Gwaggo ta ce, "'Yar makaranta, ya cika?"

Na ce, "Ya cika."

"Ba ƙari ba ragi?"

"Ba ƙari ba ragi."

Ta ce alhamdu lillahi, ta kalli Hajja ta gefen ido. Inna ta kawo jabana a tire da ƙananan kofuna, ta bi kowa ta zuba. Hajja ta kurɓa ta ce citta ta yi kaɗan. Matar liman ta ce ita ta fi son nata da sukari a gefe. Aka shiga hirar wata da kunama ta harba bara.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Sun shigo gari, suna asibiti, yana da rai. Matan suka ɗauki guɗa, Gwaggo tana cewa, "Kun gani? Kun gani?" Ni da Inna muka fita ba mu ko rufe ƙofa ba, muka tare raksha, keken haya mai ƙafa uku.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, har gwiwa. Jini na tsatsowa daga dasashinsa, in an goge sai ya dawo. Idonsa a buɗe amma ba mu yake kallo ba. An riga an sa masa allurar a cikin ruwa tana ɗiga. Likitar ta ce an makara da kawo shi, sai dai a jira a ga ko jinin zai tsaya. Duk lokacin da aka goge bakinsa auduga ta fito ja, sai in ji ina lissafi. Injin Hajja. Saba'in da biyuna, ko na ƙirga carbunan daidai, ko akwai na biyar da ban gani ba. Na Inna da ba su da iyaka. Ban san ko mun gaza ba ko mun wuce, abin da na sani shi ne ni aka ba wa littafi.

Inna ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ta riƙe hannunsa. Masu jinya a sauran gadaje kowa na ta addu'arsa a fili. Ita ko motsi leɓenta ba ya yi. An jima ta jawo gefen mayafina, na sunkuya, ta raɗa mini a kunne.

"Yanzu zan iya?"

Sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba tun safe. Na ce, "Ki yi, Inna. Ki yi ko nawa ne."

Ta ce, "Ba zai taɓa shi ba?"

Na ce ba zai taɓa shi ba, ban san da wane ilimi na faɗa ba. Ta fara, ƙasa-ƙasa, tana yi tana kallona ko zan sake tsayar da ita.

Jinin ya tsaya washegari da rana. A kwana na uku Baba ya nemi kunu. Ranar ce Gwaggo ta zo dubiya da Hajja a bayanta, suka tsaya a kan gadon kamar waɗanda suka zo karɓar kaya.

Gwaggo ta ce, "Ƙanena, ka gode wa Allah da Ya ba ka 'yar'uwa. Mu tara muka zauna a kanka. Dubu goma sha shida da abin da ya ɗora, ba ƙari ba ragi. Ga 'yarka nan, ita ta riƙe adadi."

Hajja ta ce, "Ni na fara gamawa."

Baba ya yi ɗan murmushi da busasshen leɓe ya ce, "Allah Ya saka, Yaya. Ya Ladifu ce kuka ja? Ai mu ma ita muka yi ta yi tun daga gona. Ni da direban tarakta da mutum huɗun da suka riƙe ni. Da tarakta ta kafe suka sauka suna turi suna yi. A lori ma wasu da ban san su ba suka kama mana, har muka shigo gari."

Fuskar Gwaggo ta sauya. "Nawa kuka yi?"

"Haba Yaya. Ina mutuwa zan tsaya ƙirge?"

Gwaggo ta juya carbin kaka a hannunta sau biyu, sannan ta ce, "To ai naku na hanya ne. Na hanya dabam yake, ba ya shiga lissafi."

"Na madafa fa, Yaya?" in ji Inna. Tana goge wa Baba baki da gefen zane, ba ta ko ɗago kai ba.

Gwaggo ta ce, "Wane madafa?"

Inna ta ce, "Babu komai. Malam, buɗe bakinka, saura cokali biyu."